Taku Hamsin da Biyu a Arlit

Tun da na dawo daga Arlit matan islamiyyarmu suka hana ni sakat. Da farko gaisuwa suke zuwa yi, su ce ya haƙuri, in ce da godiya. Da aka kwana biyu sai tambayoyi suka fara fitowa. Wai da gaske kwana uku ake yi a mota? Wai maza ne ke rufe fuska a can? Me suke ci? Ina ba su amsa guntu-guntu, domin akwai wurin da nake kewayewa. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa a firamare, ina zane 'ya'yan mutane a kan ƙarya. Don haka na ga gara in zauna in rubuta shi duka, har da inda ba ni da gaskiya.

'Yata ta fari ce ke aure a can. Kun san ba na kama sunanta, kuma ban taɓa goya ta a gaban mutane ba. Goggon mahaifinta ce ta raine ta, shi ya sa kowa ke ce mata 'Yar Goggo, ita kuma ta tashi tana ce mini Yaya. Mijinta Lawali mutumin Damagaram ne, yana tuƙa motar da ke kai ma'aikata wurin haƙar yuraniyom. Shekararsu tara da aure, ɓari biyu, babu ɗa a hannu. Ranar wata Lahadi Lawali ya kira ni ya ce jini ya ɓalle mata, ciki wata bakwai, tana likita. Likita a bakinsu shi ne asibiti. Kafin la'asar na gama ɗaure kaya: gero, kayan yaji, busasshen ganyen darbejiya na wankan jego, da ƙunshin kanwa mai nauyi.

Daga Katsina zuwa Jibiya ba wani labari. A kan iyaka, ɓangaren Nijar, wani ɗan duwan, wato kwastan ɗinsu, ya kwance ƙunshina ya tsaya yana kallo.

"Hajiya, wannan fa?"

"Kanwa ce, ta kunun mai jego."

Ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani. "Kanwa za ki kai Nijar? Ai daga nan ake kai muku ita."

Suka yi ta dariya. Na ce masa tawa ta sha iskar Katsina, ta fi tasu albarka. Ya ɗaure mini kayana da hannunsa, ya ce Allah Ya sauke ta lafiya. Wannan ce dariyar da na yi ta ƙarshe da zuciya ɗaya a tafiyar.

A Maraɗi na kwana a tashar manyan motoci, a zauren mata, kan tabarma. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne motarsu ba ta jiran cika. An ba ka tikiti da lambar kujera, lokaci ya yi, ta tashi, ko da ubanka ne bai shigo ba. Ni da na saba da motocinmu da sai an yi rantsuwa sau uku cewa saura mutum ɗaya, sai na raina abin. A Tawa na sauka alwala a tsanake, ina cikin wanke ƙafa na ji ƙaho. Na zo da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, na bar butata a can. Maƙwabciyar kujerata, wata 'yar kasuwa Ba'adara mai suna Ramatu, ita ta tare ƙofa tana cewa, "Kai direba, tsaya! Tsohuwag ga ta Najeriya ba ta shigo ba." Na gode mata, amma kalmar tsohuwa ta tsaya mini a rai har Abalak.

A Abalak ta saya mini cuku, busasshiyar cukwi mai faɗi kamar takarda. Na gatsa da ƙarfi, haƙorina na gefe ya amsa. Ashe a shayi ake tsoma shi. Muna zaune wurin mai shayin ne na ga wani magidanci cikin masu tafiya haƙar zinariya ya ɓare ƙwaya biyu ya kora da shayi. Ko daga nesa na gane ta. Ban san lokacin da na miƙe na tsaya a kansa ba.

"Bawan Allah, kana da uwa?"

Ya ce yana da ita.

"To ka ji tausayinta."

Ya yi murmushi ya ce don gajiya ce kawai. Haka Kabiru ma yake cewa. Kabiru ɗana ne na uku, ɗan acaba, mai ladabi, wanda ba ya cin abinci sai ya tambaya ko na ci. Ya fara shan tiramol don ya jure wuni a kan babur. Daga ɗaya ya koma biyar. Shekara huɗu ke nan da jijjiga ta kama shi a kan titi da rana tsaka, ya faɗi, babbar mota na bayansa. Ni na wanke rigar da aka kawo mini, na sami sauran ƙwayoyin a aljihu. Tun daga ranar ko sunan maganin na ji a rediyo sai na kashe. Na ba Ramatu wannan labari a mota, ta riƙe hannuna har muka shiga Agadas.

Can ma a tasha muka kwana. Da asuba Lawali ya kira. An yi mata aiki, an ciro namiji, ƙarami ƙwarai, an sa shi a kwalba. Ita kuma an ƙara mata jini, tana nan da rai. Na yi sujada a kan simintin tasha.

Hanyar Agadas zuwa Arlit kuwa sunan hanya kawai gare ta. Kwaltar ta mutu, direba ya fi bin gefenta. Shingen sojoji, a sauka, a nuna kati, a hau. Ramatu ta nuna mini mararrabar da ke zuwa inda ake haƙar gawayin da ke ba garuruwan wuta, can gaba kuma ta nuna mini wajen Imuraren, inda aka ce za a buɗe sabuwar mahaƙar yuraniyom, ta ce ƙaninta ya yi shekaru yana jiran a buɗe aiki a wurin har furfura ta fito masa. Da yamma muka hango wasu tuddai masu tsawo. Na ce ashe akwai duwatsu. Ta ce ba duwatsu ba ne, ƙasar da aka tono ce aka tara.

Arlit gari ne na baƙi. Ka ji Hausar Kano, ka ji ta Sakkwato, ka ji ta Abzinawa wadda ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne. Lawali ya tarye ni ya durƙusa har ƙasa, ya ɗora ni a kabu-kabu, wato acabarsu, muka wuce asibiti kai tsaye.

Gado shida ne a ɗakin. 'Yar Goggo na kwance a na ƙarshe, ruwa na shiga hannunta, leɓenta ya bushe. Na tsaya daga wajen ƙafafunta na ce, "Sannu."

Ta ce, "Yaya, kin sha hanya."

Iyakar gaisuwarmu ke nan, bayan shekara biyu ba mu ga juna ba. A gadon da ke kusa akwai wata tsohuwa Ba'abzina mai suna Gaishita, tana jinyar tata 'yar da aka yi wa irin wannan aiki. Ta ɗora kan 'yar a cinyarta, tana shafa mata goshi, tana kiran sunanta a gaban kowa. Ita kuma 'yar in ciwo ya taso sai ta yi nishi da ƙarfi, har da hawaye. A raina na ce wannan wace irin rashin kunya ce. Mu an koya mana mace ba ta kuka a kan haihuwa, kuma haka na koya wa nawa.

Jaririn yana wani gini dabam, a tsallaken tsakar asibitin. Ba a fito da shi, domin akwai robar iska a hancinsa. Uwa ce ke zuwa, ta zauna a kujera, a ɗora mata shi a ƙirji, fata da fata. Ni aka fara bari na leƙa ta gilashi. Bai fi tafin hannuna biyu ba, amma komai nasa ya cika, har da gashin gira. Da zan koma na ƙirga takuna, halin malaman lissafi. Daga ƙofar ɗakin jarirai zuwa gadon uwarsa taku hamsin da biyu ne.

Washegari ungozomar ɗakin, Madam Zainabu, wadda suke kira sazfam, ta cire mata ruwa. Ta ce allurar bayan da aka yi mata don aiki ta daɗe da sakinta, maganin da ake sa mata a ruwa ma an gama, yanzu sai na haɗiya. Ta rubuta takarda, Lawali ya je ya sayo. A can mai jinya ke riƙe magani, don haka ni aka danƙa wa. Fari guda biyu duk bayan awa shida, ɗayan kuma safe da yamma.

"Ki kula da shi, Hajiya," in ji Madam. "In ciwo ya kwanta za ta tashi ta taka. In ta taka za ta je wurin ɗanta. Yaron nan yana bukatar ƙirjin uwarsa."

Farin na gane shi, farasitamol ne. Na juya kwalin ɗayan. Ba na jin Faransanci, amma wannan suna iri ɗaya ne a kowane harshe. Tiramadol, wato tiramol ɗin da Kabiru ke sha. Na ga rigar Kabiru a cikin bokiti. Na ce a raina, wannan abu ya ci mini ɗa ɗaya, ba zai shiga cikin ta biyu ba, kuma ta nono ya shiga cikin jikana. Ban tambayi kowa ba. Ni ce malama, ni ke ba da amsa. Na naɗe katin ƙwayoyin a cikin takardar likita, na tura shi can cikin aljihun jakata, na ba ta farin kaɗai.

Da hantsi Madam ta zo tashinta. 'Yar Goggo ta zuro ƙafafu ƙasa, ta dafa ƙarfen gado, ta miƙe a dunƙule. Taku uku ta yi. Zufa ta karyo mata, fuskarta ta yi fari, ƙafafunta suka ƙi. Aka mayar da ita. Ko uhm ba ta ce ba.

Madam ta ware yatsunta goma. "In babu ciwo sifiri ne, in ciwon da ba a iya ɗauka ne goma. Naki nawa?"

'Yar Goggo ta dubi inda nake zaune, sannan ta ce, "Biyu."

"Tana shan maganin duka?"

Na ce, "Tana sha."

Madam ta ce to wataƙila jiri ne na jinin da ta zubar, a bar ta ta huta. Ni kuwa har wani daɗi na ji a raina, na ce 'yata ta gado ni.

Haka aka yi ranar, haka aka yi washegari, haka aka yi wanshekarenta. Kullum a gwada, kullum taku uku ko huɗu. In tari ya zo mata sai ta danne cikin da matashi ta cije gefen zane. Ana tatsar nononta a ƙoƙon roba, ni nake kaiwa, taku hamsin da biyu, in dawo. Duk dawowata sai ta tambaye ni.

"Yaya, ya buɗe ido?"

"Ya buɗe ɗaya."

"Wa ya ɗebo?"

"Hancin ubansa ne. Yatsun naki ne."

Sai ta ɗaga hannunta tana kallon yatsunta. Lawali ya ɗauko mata hotonsa a waya, ta riƙa kwana da wayar a ƙirji. Mu masu jinya a baranda muke shimfiɗa, muna dafa taliya da shinkafa a kan gawayi. Gaishita na dafa shayi zagaye uku a 'yar butarta, tana miƙo mini, ina karɓa. Sau biyu ta buɗe baki kamar za ta yi mini magana, ta fasa.

A rana ta huɗu da safe likitan yara ya ce numfashin jaririn ya ja baya. Madam ta shigo ta sake ware yatsu, 'Yar Goggo ta sake cewa biyu. Sai Gaishita ta ajiye butarta.

"Madam, yarinya ƙarya yake yi. Yana jin ciwo sosai. In uwanshi ya fita, yana kuka cikin zane. Kuma magani guda ne ake ba shi, fari. Ni ina gani."

Madam ta juyo ta dube ni.

"Ina ɗayan?"

Na ce na jefa a masai. Ƙarya ta biyu ke nan. Na fara ba ta labarin Kabiru. Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba, sannan ta ja ni baranda.

"Allah Ya jiƙansa. Amma Hajiya, da kin tambaye ni. An yanka fata, an yanka nama, an yanka mahaifa. Farasitamol kaɗai ba ya riƙe wannan ga kowa. Akwai wani da muke haɗawa da shi, na kumburi, wanda ake sha ko a matsa, shi muka ba 'yar Gaishita. Taki ba za ta iya shan sa ba, ta zubar da jini da yawa, ga gyambon ciki. Shi ya sa muka rubuta wannan, kaɗan, na 'yan kwanaki, a kan ƙa'ida, muna kallonta muna kallon yaron. Abin da ɗanki ya sha a tasha ya ninka wannan sau da yawa, kuma ba mai duba shi. Da kin ce ba ki yarda ba, da mun zauna da ita mun nemi wata hanya, akwai allura. Jikinta ne, ita ya kamata a tambaya." Sannan ta ƙara da cewa, "Yanzu ki zauna nan waje. In kina ciki ba za ta faɗa mini gaskiya ba."

Wannan maganar ta ƙarshe ta fi duk sauran yi mini ciwo. Daga baya Gaishita ta gaya mini cewa da aka sake tambayarta, tara ta ce.

Aka yi mata allura. Bayan azahar ina zaune a baranda sai ga ta ta fito, Lawali na riƙe da hannu ɗaya, Madam na riƙe da ɗayan. Tana tafiya a sunkuye, a hankali, amma tana tafiya. Ban tashi ba. Na bi ta da ido ina ƙirgawa. Nata takun ƙanana ne, ya fi ɗari. Ta gilashi na ga an ɗora mata shi a ƙirji an lulluɓe su da zane. Ta sunkuyar da kai tana yi masa magana, ban san me take ce masa ba. Daga azahar zuwa la'asar ta riƙe shi.

Washegari da hantsi jaririn ya koma. Kwanansa shida a duniya, bai kai suna ba.

Likitan ya ce huhunsa ne bai ƙosa ba, ko me aka yi da wuya ya tsaya. Madam ma ta same ni ta faɗa mini haka, don kada in ɗora wa kaina abin da ba nawa ba. Na yarda, rai na Allah ne. Amma kwana ukun nan da yana kwance a can tana kwance a nan, ba ajali ne ya raba su ba. Ni ce.

Na yi sati uku a gidansu. Ganyen darbejiyar da na ɗauko bai yi amfani ba, an hana ruwan zafi a kan ɗinki, sai dai in goge mata jiki. Nono ya cika mata ya yi tauri, muka ɗaure da zane. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Sai ana gobe zan tafi, da la'asar, ina tsefe mata kai, ta ba ni baya, na ce, "Maganin nan, ni na ɗauke."

Ta ce, "Na sani, Yaya. Ina kallonki kika sa a jaka."

Hannuna ya tsaya. "Me ya hana ki faɗa?"

"Na ga fuskarki lokacin da kika karanta kwalin. Irin ta ranar Kabiru ce. Na ce zan iya daurewa." Ta ɗan numfasa. "Na ɗauka muna da lokaci."

Can ta ce, "Da sunan Kabiru aka yi wa jaririn huɗuba. Ni na roƙi Lawali. Na so in faɗa miki ranar suna."

Na ci gaba da tsifar, hawaye na zuba a kan gashinta. Ban rungume ta ba. Hannuna bai san yadda ake yi ba, kuma ina jin haushin kaina a kan haka har yau.

Dawowa ba ni da abin faɗa a kai, ban ga hanya ba. Sai a ɓangarenmu na iyaka, inda masu binciken ƙwayoyi suka sauke mu. Wani jami'i mai furfura a gemu ya zazzage jakata, ya zura hannu a aljihun ciki, ya fito da takarda a naɗe. Wallahi na manta da ita. Ya buɗe, ya ga abin da ke ciki, fuskarsa ta canza.

"Mama, kin san mene ne wannan?"

"Na sani. Na asibiti ne, ga takardar likita nan. Na 'yata ne, aiki aka yi mata."

Ya juya takardar, rubutun likita ne kuma da Faransanci. "Faɗi sunanta in gani ko ya dace da wanda ke nan."

Na ce 'Yar Goggo. Ya ce ba shi ne a rubuce ba. Mutanen motarmu na tsaye suna jira, rana na dukan kowa. Shekara talatin da huɗu sunan nan bai fita daga bakina ba.

Na ce, "Hajara."

Ya duba, ya gyaɗa kai. Sannan ya ɗaga katin ƙwayoyin sama yana dubawa, guda goma cif, ba wadda aka ɓare. Ya ce shi zai riƙe, ya miƙo mini takardar, har da murmushinsa na kirki.

"Ai ko ɗaya ba ta sha ba, Mama. Lallai 'yar nan taki akwai dauriya."

Na karɓi takardar na shiga mota. Daga Jibiya har Katsina kuka nake yi da ƙarfi, irin na 'yar Gaishita, ban rufe fuska ba. Da na isa gida, kafin in cire mayafi, na kira lambarta. Ta ɗauka ta ce, "Yaya, kin sauka lafiya?"

Na ce, "Hajara, yaya ciwon? Ki faɗa mini gaskiya, nawa ne cikin goma?"

Ina jin numfashinta. Sannan ta ce, "Na ɗinkin ya warke."